Kibiyar maus tana tsalle ita kaɗai, an ce in goge kwamfuta

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu a Birnin Kebbi, yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru ne. Kwamfuta biyu gare ni: ta tebur mai maus na waya, da laftof na hannu irin na ofis, mai ɗan kan roba a tsakiyar kibod, wanda nake haɗa wa maus marar waya. Tun shigowar hunturu kibiyar ta tebur take rawa tana tsallake inda na nufa. Ta laftof kuwa sai ta sulale gefe ita kaɗai, wani lokaci ina cikin rubutu in ga ya koma tsakiyar wani layi. Abin ya fi tsanani idan na tayar da janareta. Na saya wa ta tebur sabon maus, ba ta daina ba. Wani ya ce bairos ne, sai an goge komai an sake zuba Windows, ni kuma aikin mutane ne cike a ciki. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kada ka goge komai tukuna. Bairos bai cika taɓa kibiya ba, kuma abin da ka kwatanta bai yi kama da aikinsa ba. Matsalar da ke ƙaruwa idan an tayar da janareta ta wuta ce, ko sau goma aka sake zuba Windows tana nan. Ka kuma lura cewa alamomin ba iri ɗaya ba ne: ɗaya tana rawa da tsallake, ɗaya tana sulalewa, ga kuma rubutu da ke komawa wani layi. Ka ɗauka matsala biyu ce ko uku suka haɗu a shago ɗaya, ka bi kowace da kanta. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka matsa. Idan ka sauya maus da tebur da caja a tashi ɗaya abin ya daina, ba ka san mai laifin ba, ranar da ya dawo kuma sai ka koma farko.

Kafin ka taɓa komai, kwafe ayyukan mutane zuwa filashi mai tsabta. Ba don gwaje-gwajen nan suna goge wani abu ba, sai don kwamfutar da ke shan wutar janareta marar daidaito ba a barin kwafi ɗaya tak na furojet ɗin ɗalibi a cikinta.

Mu fara da ta tebur, ita ta fi sauƙi. Jan hasken da ke ƙarƙashin maus fitila ce da ke haska saman tebur a karkace, kusa da ita kuma akwai 'yar ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton wurin fiye da sau dubu a daƙiƙa ɗaya. Maus yana kwatanta hoton yanzu da wanda ya gabata, ya ga ina 'yan ƙurajen tebur suka matsa, daga nan ya gaya wa kwamfuta inda hannunka ya nufa. Haka irin wannan maus ɗin yake aiki tun da Microsoft ya fito da nasa a 1999, abin da ya kori mai ƙwallo daga kasuwa. Kamar mai bin sawu yake: a kan rairayi zai bi har ya kai, a kan daɓen siminti sai dube-dube. Gilashin da masu shago suke ɗorawa a kan tebur su jera katuna a ƙarƙashinsa, da fomaika mai sheƙi, da tayil, da ledar shimfiɗa mai zane iri ɗaya da ke maimaituwa, duk ba su ba shi abin da zai bi. Tunda ka sayi sabon maus bai yi magani ba, teburin nan ne na farko da za a tuhuma, domin sabon ma a kansa ka ɗora shi. Ka ɗauki farar takarda A4 uku ko huɗu ka haɗa su, ko bayan fayil na kwali, ka gwada a kai. Idan kibiya ta natsu, magana ta ƙare, ka sayi shimfiɗar maus ta yadi mai launi ɗaya, baƙa ko ruwan toka, ba mai hoton ɗan ƙwallo ba. Akwai maus masu aiki a kan gilashi, irin na Logitech masu fasahar Darkfield da suka fito a 2009, waɗanda suke buƙatar kaurin gilashin ya kai milimita 4, amma kuɗin ɗaya zai saya maka shimfiɗu masu yawa.

Sai idon maus ɗin. A hunturun Kebbi ba a buƙatar wata guda kafin ƙura ta shiga ramin, kuma silin gashi ɗaya ko zaren riga da ya gitta gaban kyamarar ya isa ya sa kibiya rawa ko da ba a taɓa ta ba. Ka zare maus, ka juya shi, ka haska ramin da tocilan waya. Ka hura, sannan ka ɗan jiƙa audugar goge kunne da sifirit, jiƙawa kaɗan ba mai ɗiga ba, ka zagaya ramin a hankali, ka bar shi minti biyu ya bushe. Ban da fetur, ban da tina, ban da turare. Idon roba ne ba gilashi ba, suna dusashe shi, kuma ba ya gyaruwa bayan haka. Ka duba 'yan takalman roba da yake zamewa a kansu. Dauɗa tana daskarewa a gefensu, ka kankare da farce. Idan ɗaya ya ɓalle maus zai karkace, tazarar kyamara da tebur ta canza, sai ya riƙa gani dishi-dishi.

Waya takan karye ta ciki a wuri biyu, inda ta shiga jikin maus da bayan kan USB. Sirara huɗu ne a cikinta, biyu na wuta 5V, biyu na saƙo. Ka ajiye maus a wuri ɗaya ka lanƙwasa wayar a waɗannan wurare. Idan jan hasken ya ƙifta, ko ka ji ƙarar da Windows ke yi idan an zare filashi, ta karye. Kuma kada ka ɗauka sabo ba ya zuwa da aibi, ka kai shi wata kwamfutar ka gani. Daga nan ka mayar da shi ƙofar USB ta bayan kwamfuta. Na gaba sun sha sa-da-cire na filashin ɗalibai, sun yi sako-sako, kuma da waya aka jawo su daga babban allon cikin kwamfuta, wato motherboard, na baya kuwa a jikinsa suke. Idan kana amfani da marabar USB mai baki huɗu, ka fitar da maus daga cikinta. Ƙofar USB 2.0 ɗaya 500mA take bayarwa, idan aka raba wa sikana da waya mai caji da filashi, maus ne yake fara nuna alama.

Wani ƙaramin abu: maus da yawa suna da ɗan maɓalli bayan tayar tsakiya mai sauya sauri, galibi tsakanin 800, 1200 da 1600. Yatsa yakan taɓa shi ba da niyya ba, kibiya ta koma gudu kamar an kore ta. Ka danna shi sau ɗaya ko biyu ka ga ko ta dawo yadda ka saba.

Ka kuma bambance tsalle da sarƙewa. Idan kibiya tana tsayawa cak na ɗan lokaci sannan ta bayyana a gaba, kuma rubutu ma yana makara kafin ya fito, kwamfutar ce ta gaji, ba maus ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba CPU, Memory da Disk. Idan ɗaya ya maƙale a kashi 100, a nan aikin yake. Kwamfuta mai RAM 4GB da aka buɗe wa CorelDraw da Word da shafukan Chrome goma haka za ta yi. Zafi ma yana jawo wannan, domin idan ƙura ta toshe fanka, kwamfuta tana rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, a buɗe akwatin a hure shi da bulowa bayan kowane hunturu, a riƙe fankar da yatsa yayin hurawa.

Yanzu laftof. Abin da yawancin mutane ba sa lura da shi shi ne abubuwa uku ne suke jan kibiya ɗaya a irin naka: maus marar waya, da tachfad, wato faifan da ake shafawa da yatsa, da ɗan kan robar nan da ke tsakanin haruffan G, H da B. Idan fuskarta ta taɓawa ce, sun zama huɗu. Windows ba ya zaɓar ɗaya, duk wanda ya motsa shi yake bi. Don haka sai an kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Rubutun da ke komawa tsakiyar wani layi kusan kullum tafin hannu ne ko babban yatsa yake gogar tachfad yayin bugu, shi kuma ya ɗauka an danna. Mai bugu da sauri ya fi fama da wannan, haka ma mai gumin hannu. Ka shiga Settings, a Windows 10 ka bi Devices, a Windows 11 ka bi Bluetooth & devices, sannan Touchpad. Ka cire alamar da ke kan Leave touchpad on when a mouse is connected. Daga nan duk lokacin da maus yake haɗe tachfad zai yi shiru. Idan ba ka ga wannan layin ba, ka mayar da ƙarfin jinsa zuwa Low sensitivity, ko ka kashe dannawa ta hanyar taɓawa gaba ɗaya. A wasu HP, taɓa kusurwar sama ta hagu sau biyu yana kashe shi, ɗan haske ruwan lemo ya kunna.

Sulalewa a hankali zuwa gefe ɗaya kuwa, ba tare da an taɓa komai ba, halin ɗan kan robar ne. Yana nan a ThinkPad na Lenovo, da EliteBook na HP da Latitude na Dell da yawa, kuma su ne suka cika kasuwar na hannu. Matsi yake aunawa, ba motsi ba, saboda haka tsufa ko zafi ko kibod da ya ɗan lanƙwashe kan sa ya ji kamar ana tura shi. Lafiyayye yakan gyara kansa idan ka ɗauke hannu na 'yan daƙiƙu. Wanda ba ya dainawa a kashe shi kawai, ba ka yi asarar komai ba tunda ba ka amfani da shi. A ThinkPad ana danna F1 yayin kunnawa, a shiga Config, sannan Keyboard/Mouse, a kashe TrackPoint, wato ɗan kan robar. A Dell F2 ne ke shiga wannan wurin, a HP kuma F10, amma a wasunsu cikin saitin maus na Windows ake kashe shi, a shafin da direban tachfad, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ya ƙara. Idan fuskar ta taɓawa ce kuma kana ganin 'yan da'irori suna fitowa su kaɗai, musamman kusa da wani tsagi, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc don buɗe Device Manager, ƙarƙashin Human Interface Devices ka kashe HID-compliant touch screen.

Ka kalli tachfad ɗin ta gefe, ido daidai da shi. Ya taso? Dannawa ta yi tauri? Murfin ƙasa ya fara buɗewa ko laftof ɗin tana rangaji a kan tebur? To batir ne ya kumbura yana tura shi daga ƙasa, domin a sirarun laftof batir a nan ƙarƙashin yake kwance. Wannan ya wuce maganar kibiya. Ka daina caji, ka kashe ta, ka kai a cire. Kada a huda shi, kada a danne shi don murfi ya rufu, yana iya kamawa da wuta. Laftof da ke wuni a caji cikin shagon kwano mai zafi ita ta fi saurin kumbura batir.

Sai babbar magana, ta janareta. Tachfad ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai ragar siraran layuka, yana auna ɗan canjin lantarki da yatsa ke haifarwa idan ya kusance su. Canjin ƙanƙane ne ƙwarai, don haka duk wata dattin wuta da ta shigo jikin laftof tana iya rufe shi, ko ta yi kama da yatsa. Daga caja take shigowa. Caja tana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa kafin ta mayar da 230V zuwa abin da laftof ke sha, kuma wannan yankan yana barin saura. Caja ta kirki tana da matata a ciki, abin da ya rage kuma ta tura shi ƙasa ta ƙafa ta uku ta fulogi, wato doguwar nan ta sama. Idan babu matata, ko ƙafa ta uku ba ta kai ko'ina ba, sauran sai ya zauna a jikin laftof. Alamarsa sananniya ce: ka shafa gefen ƙarfe ba takalmi a ƙafarka ka ji wani ɗan zir-zir.

Gwajin minti biyar ne. Zare ɗan resiban maus marar waya, wato ɗan abin da ake cusawa a ƙofar USB, ya zama tachfad kaɗai ke aiki. Janareta yana kunne, ka yi ta zana da'ira da yatsa, sai ka zare caja daga jikin laftof ba tare da ka tsaya ba. Idan kibiya ta natsu nan take, ka mayar kuma ta koma hauka, ka kama hanyar. Ka maimaita idan wutar gari ta dawo. In tana yi a duka biyun, caja ce ko wayarin ɗin shagon. In a janareta kaɗai take yi, shi ne da yadda aka haɗa shi. In kuwa ko ba caja tana yi, wuta ta fita daga zargi, ka koma kan waɗanda muka ambata a sama.

A kan caja, karanta rubutun jikinta ka gwada da na ƙasan laftof. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo 20V. Mai 65W za ka ga an rubuta kimanin 3.33A a ta 19.5V, ko 3.25A a ta 20V. Lambar V dole ta yi daidai, ta A kuwa za ta iya fin abin da ake buƙata amma kada ta gaza. Sai dai rubutu ba ya hana jabu, kowa na iya buga shi. Ka ɗauke ta a hannu: ta jabu ba ta da nauyi, domin matatar da ƙarafan sanyayawa su ne aka rage. Takan yi zafi fiye da kima, wata har tana 'yar ƙara siririya. Hanya mafi tabbaci ita ce ka ari cajar asali ta irin laftof ɗinka ka gwada. A ganinmu tsohuwar caja ta asali da aka ciro daga kayan na hannu ta fi sabuwa fil ta jabu, kuma cajar nan mai kawuna goma da ake zaɓar mata ƙarfin wuta da maɓalli ba ta dace da kwamfutar neman abinci ba.

Ko caja tana da kyau, sai hanyar ƙasa ta cika tun daga fulogi har cikin ƙasa. A nan ake samun giɓi iri-iri. Wayar cajar kanta wata ƙafa uku gare ta amma siraran ciki biyu ne. Ekstenshan na araha ma haka, ramuka uku a fuska, waya biyu a ciki. Wasu shagunan tun wajen gini ba a ja wayar ƙasa ba, kore mai ratsin ɗorawa, an dai kafa soket. Ga kuma al'adar tura biro a ramin sama don a cusa fulogi mai ƙafa biyu. Mai gyaran wuta zai gano wannan da mita cikin 'yan mintuna: ya auna ko akwai haɗi tsakanin ƙafa ta uku da ƙarshen wayar, sannan a soket ya auna tsakanin mai wuta da ta ƙasa, inda ya kamata ya ga kusan abin da ya gani tsakanin mai wuta da nutural. Wannan aikinsa ne, kada ka sa hannunka a soket.

Ƙaramin janareta yana ƙara abu biyu. Yawancinsu ba su da na'urar daidaita ƙarfin wuta, don haka duk lokacin da firinta mai leza ko na'urar fotokwafi ta kunna hitarta, wadda ke jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, wutar sai ta faɗi ta sake tashi. Ka lura ko kibiyar ta fi rikicewa daidai lokacin da takarda za ta fito. Na biyu, kusan ba wanda yake haɗa janareta da ƙasa, alhali akwai 'yar ƙusa mai alamar ƙasa a jikin firam ɗinsa don haka aka yi ta. Ka sa mai wayarin ya kafa sandar ƙasa mai rufin tagulla, tsawonta kada ya gaza mita 1.2, ya haɗa ta da janareta da soket-soket na shagon. A rani ƙasarmu takan bushe ƙwarai, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta sosai, shi ya sa ake neman wuri mai danshi, a kuma riƙa zuba ruwa a gindin sandar. Wannan ma yana iya zama dalilin da abin ya tsananta da shigowar hunturu. Idan wani ya ce zai taƙaita maka aiki ya haɗa ramin wayar ƙasa da nutural a cikin soket, ka ƙi. Ranar da aka juya wayoyi a wajen sauya layi, ko nutural ya tsinke, jikin kwamfutar gaba ɗaya zai ɗauki wuta.

Sitabilaiza tana daidaita hawa da saukar wuta, amma ba ta maye gurbin wayar ƙasa. Ta tebur tana son UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, ita da allonta kaɗai, kada a sa firinta mai leza a kai. Idan nan gaba za ka koma sola, ka nemi inbata da aka rubuta wa pure sine wave, domin ɗaya nau'in mai araha yana sa tachfad irin wannan rawar. Ka kuma duba inda janaretan yake zaune. Idan yana jingine da bangon da teburinka yake, ko a kan daɓe ɗaya, girgizarsa kaɗai tana iya kaɗa maus. Maganinsa tsohuwar taya a ƙarƙashinsa, da matsar da shi nesa da ƙofa, wanda dama hayaƙinsa ya wajabta.

Kafin a yi duk wannan, ka kashe tachfad kamar yadda aka nuna, ka yi aiki da maus na waya. Bai cika damuwa da dattin caja ba.

Maus marar waya shi ma yana da nasa. Batir ne farko: sabon AA 1.5V ne, idan ya yi ƙasa sosai kibiya takan fara tsallake tun kafin maus ya mutu. Ka sa sabo na alkalin, ka duba ko tsohon ya zubar da ruwa ya bar fari ko kore a kan ƙarfen, ka kankare. Na biyu, ɗan resiban yana magana ne a zangon 2.4GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth da MiFi da wayar da ka kunna wa hotsifot duk suke. Ƙofar USB 3.0, mai shuɗin ciki, ita ma tana fitar da hayaniya a wannan zangon idan ana kwafar abu ta cikinta, Intel ya fitar da bayani a kan haka tun 2012. Saboda haka kada resiba ya zauna kafaɗa da kafaɗa da filashi a shuɗiyar ƙofa. Ka mayar da shi ɓangaren da hannunka yake, ko ka jawo shi da 'yar gajeriyar wayar ƙari ya zo kusa da maus, ka matsar da MiFi kamar mita ɗaya. Ka kuma leƙa bayan kwamfutocin biyu ko akwai wani tsohon resiba da aka manta, wanda maus ɗinsa ke cikin durowa yana gogar takardu. Yana faruwa fiye da yadda ake zato. Gaskiya a shagon da ake aiki daga safe zuwa dare, maus na waya ya fi kwanciyar hankali.

Saitin Windows muka bari ƙarshe saboda shi ne mafi ƙarancin laifi a irin labarinka. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta main.cpl, ka shiga Pointer Options. Ka ajiye sauri a tsakiya, mataki na 6 cikin 11. Ka cire alamar Snap To, wadda ke fizgar kibiya zuwa maɓallin OK duk lokacin da wani akwati ya buɗe, mutum ya ɗauka tsalle take yi. Enhance pointer precision yana sa nisan tafiyar kibiya ya danganta da saurin hannu, masu zane a CorelDraw da yawa sun fi son a kashe shi. Sannan ka rubuta devmgmt.msc, ƙarƙashin Mice and other pointing devices ka cire abin da ke wurin da Uninstall device, ka sake kunna kwamfuta, Windows zai mayar da kansa. Direban tachfad kuwa, ko Synaptics ne ko ELAN ko Alps, a shafin kamfanin laftof ɗin ake ɗauko shi da lambar samfurinta, ba a manhajojin nan masu alkawarin sabunta direbobi duka a danna ɗaya ba. Idan maus yana mutuwa na ɗan lokaci bayan an bar shi, ka shiga USB Root Hub a cikin Device Manager, a shafin Power Management ka hana kwamfuta kashe shi don tattalin wuta. In kibiyar ta ƙi ba ka damar yin duk wannan, Tab da maɓallan kibau da Enter za su kai ka ko'ina, kuma Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock tare suna mayar da lambobin gefen kibod su zama maus.

Akwai gwaji ɗaya da zai raba gardama da mai cewa a goge. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka sake Restart, ka danna 4. Kwamfuta za ta tashi a Safe Mode, ba tare da yawancin manhajojin da aka ɗora mata ba. Idan kibiya tana rawa a nan ma, laifin na kayan aiki ne ko na wuta, gogewa ɓata lokaci ne. Idan ta natsu, to wata manhaja ce ko direba, kuma cire wannan ɗayan ya wadatar, ka fara da abin da aka ɗora daf da fara matsalar.

Yanayi ɗaya ne ya kamata ya tayar maka da hankali: kibiya ta tafi kai tsaye ta buɗe fayil, ta shiga burauza, ta rufe shafi, kamar mai hankali ne ke jan ta. Wannan ba rawa ba ce, wani ne yake ciki daga nesa. Ka yanke intanet nan take, ka rubuta appwiz.cpl ka nemi AnyDesk ko TeamViewer ko makamancinsu da ba kai ka ɗora ba. Manhajoji ne na halal, amma 'yan damfara suna amfani da su, wani lokaci kuma mai gyara ne ya ɗora ya manta. Ka cire, ka canza kalmomin sirri na imel da banki daga wata na'urar daban. Bairos ɗin da ya fi addabar shaguna irin naka shi ne na filashi mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, kuma shi ba ruwansa da kibiya. Cikakken bincike da Windows Security ya isa ka san matsayinka. In Windows 10 kake kai, ka sani Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, wannan kuwa magana ce ta daban da ya kamata ka fara shiri a kanta.

Idan ka bi duk wannan tachfad bai daina ba ko da babu caja, kuma batir bai kumbura ba, sai a kai wa mai gyara. Ka gaya masa gwajin da ka yi da abin da kowanne ya nuna, ka ce ya fara da zare siririyar wayar tachfad daga babban allo ya goge bakinta ya mayar, domin takan yi sako-sako a laftof da aka sha buɗewa. In ba ta yi ba a sauya tachfad ɗin, ko kibod idan ɗan kan robar ne ya lalace, tunda a jikinsa yake. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a taɓa fayilolinka, don haka ka faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa ba ka yarda a goge komai ba.